Jidda Ba a Yi Mata Sammako

A Makka aka haife ni, a Jarwal, amma rabin rayuwata a kan hanyar Jidda ta ƙare, don tun ina saurayi tuƙi nake yi tsakanin garuruwan nan biyu. Kakana da ƙafa ya taso daga ƙasar Katsina, ya ratsa Sudan, ya hau jirgin ruwa a Sawakin, kuma ƙasar Jidda ya fara takawa a Hijaz. Saboda haka gidanmu ba ya rabuwa da baƙi daga gida. Da an sauke Umara, an yi aski, an ɗan huta, sai ka ji an ce, "To, yaushe za ka kai mu Jidda?" Abin da ake nema bai wuce uku ba: a ga teku, a ga garin da dare, a yi tsaraba. Duka suna yiwuwa a yammaci ɗaya da dare ɗaya, muddin da agogon garin aka yi aiki. Wanda ya zo da agogon Kano zai sha wuya.

Goggona, ƙanwar mahaifina, a kanta na gane haka. Cikin watan Agusta ta zo, ta ce ita ba ta san zuwa kasuwa da yamma ba, mai neman arha sammako yake yi. Na ce, "Goggo, nan fa ba Kwari ba ce." Ta ce, "Kai dai tayar da mota." Muka isa Balad, tsohon garin Jidda mai kasuwanni, da hantsi, kafin mu gama layi biyu an kira Azahar, masu kantuna suka soma sauke ƙofofi, ba kuma za su buɗe ba sai bayan La'asar. Mayafinta ya jiƙe sharkaf kamar an tsoma a randa. Ta zauna a dokin ƙofar wani kanti tana fifita da takardar magani, ta dube ni ta ce, "Ɗan nan, wuta ake hurawa a ƙarƙashin garin nan?" Zafin Jidda ba irin na Makka ba ne. Na Makka busasshe ne, kana shiga inuwa ka samu sa'ida. Na Jidda da danshin teku yake tafe, abin da ake kira ruɗuba, gumi ya fito ya ƙi bushewa, inuwa ma ba ta ceton ka.

Don haka in kana da zaɓi, ka zo tsakanin Nuwamba da Maris, lokacin da iskar yamma ke da daɗi har yara su nemi rigar sanyi a bakin ruwa. Sai dai a watannin ne ruwan sama ke sauka, kuma Jidda ba ta iya ruwa ba. Ambaliyar Nuwamban 2009 ta ci rayuka fiye da ɗari, ta Nuwamban 2022 ma ta kwashe motoci. Ranar da aka yi gargaɗin ruwa a waya, ka fasa tafiyar, kada ma ka yi tunanin bin hanyoyin nan da ke nutsewa ƙarƙashin gada. Hutun mako kuwa Juma'a ne da Asabar, don haka daren Alhamis da na Juma'a bakin teku ba masaka tsinke. Ni daga Lahadi zuwa Laraba nake kai baƙi.

Daga Makka tafiyar ba ta kai kilomita 80 ba, kamar awa ɗaya a mota. Akwai shingen bincike a Shumaisi, kowa ya riƙe takardunsa, mazauni iƙamarsa, baƙo fasfonsa. Jirgin ƙasa na Haramaini, da aka buɗe a 2018, yana tashi daga Rusaifa ya sauke ka a Sulaimaniyya cikin kamar rabin awa, amma sai ka sayi tikiti tun da wuri, kuma ba ya ɗaukar tarin kaya. In sayayya ce ta kai ka, ka tafi da jirgi ka dawo da mota. In kaddad za ka hau, wato masu motocin gida da ke lodi, ku gama ciniki kafin ka rufe ƙofa. A cikin gari Uber da Careem sun wadatar. Kada taswirar waya ta yaudare ka ka ce za ka taka, garin doguwa ce, a miƙe take tana bin gaɓar teku, abin da ka gani kusa sai ka iske rabin awa ne a mota.

Tsarina shi ne a yi Azahar a Makka, a ci abinci, a ɗan kishingiɗa, a isa Jidda da La'asar sakaliya. Kuma teku ake fara zuwa, kasuwa ce ƙarshe. Na gwada akasin haka ba sau ɗaya ba, ban taɓa ganin wanda ya shiga kasuwa ya fito da sauran ƙarfi ko sauran kuɗin ganin teku ba.

Bakin tekun da ke cikin gari shi ake kira Kurnish, tsawonsa wajen kilomita 30 ne. Abin da baƙo bai sani ba shi ne yawancinsa wurin zama ne, ba wurin iyo ba. Akwai alluna da suka hana shiga ruwa, kuma ba wasa ake yi ba, don gaɓar duwatsu ce, zurfin kuma farat ɗaya yake zuwa. Sashen da aka gyara aka buɗe a 2017, Wajiha Bahriyya, shi ya fi dacewa da iyali: akwai ciyawa, lilon yara, bandakuna, wurin salla, da doguwar gada da ta shiga cikin ruwa inda masu fatsa ke tsayawa. Ka zo da darduma, da filas na shayi, da fisfis, wato soyayyun 'ya'yan iri na ɓarzawa, ka yi yadda 'yan gari ke yi. Za ka ga iyalai sun shimfiɗa kafet, an jera matasan kai, tsohuwa na zuba gahawa, ba mai gaggawar komai. Magariba kuma a yi ta a Masallacin Rahma, wanda aka gina a 1985 a kan ginshiƙai cikin ruwa, in teku ya cika sai ka ga kamar yana yawo. Alhazanmu da yawa suna ɗaukar sa wurin ziyara mai wata falala ta daban, har da masu ɗibar ruwan gefensa a gora. Masallaci ne kamar kowane, kyau ne kawai Allah ya ba shi, sai faɗuwar rana da ake kallo daga barandarsa.

Mai son shiga ruwa sai ya nausa arewa zuwa Abhur, inda wani reshen teku ya kutso cikin ƙasa. Nan akwai gaɓar gwamnati ta kyauta mai masu ceto da tutoci, akwai kuma wuraren kuɗi masu katanga. Na kuɗin, ka buga waya kafin ka tafi. Na taɓa kwasar 'ya'yan yayana uku, samari, muka yi tafiyar kusan awa, mai gadin wani wuri ya leƙa motar ya ce na iyali ne kawai, muka juyo muna kallon ruwa ta saman katanga. Ana kuma hayar kwalekwale mai inji da awa, ka yi ciniki, ka tabbatar an ba kowa rigar ceto, yaran musamman.

Abu biyu nake sawa a bayan mota duk ranar Abhur: jarkar ruwan famfo da takalman roba. Gishirin Bahar Maliya ya fi na yawancin tekuna, kusan giram 40 ne a kowace lita, yana yaji a ido, in ya bushe a jiki kuma ƙaiƙayi har gida. Takalmin kuwa saboda murjani ne da bushiyar teku. Ɗaya daga samarin nan, a wata tafiyar, ya ce shi ɗan bakin Kogin Hadeja ne, ba za a koya masa ruwa ba, ya shiga ƙafa ba takalmi. Bai yi taku goma ba ya kurma ihu. Muka fito da shi, tafin ƙafarsa ɗige-ɗige baƙi kamar an barbaɗa masoro, kowane ɗigo ƙaya ce da ta karye a ciki. In ka ja ta da farce sai ta daɗa gutsurewa. Ruwan zafi muka jiƙa ƙafar da shi ya rage raɗaɗi, sauran sai a asibiti aka cire, kwana uku yana ɗingishi zuwa Harami.

Sutura ba ta da wuya. A gaɓar jama'a mata da kayansu suke shiga, maza wando ya rufe gwiwa. Abin da ya fi jawo wa baƙinmu magana shi ne waya. Kada ka ɗauki hoton mutane, balle mata da iyalinsu, ba da izini ba, laifi ne mai tara a dokar ɗa'ar jama'a ta 2019. Ka juya wa mutane baya, ka ɗauki teku.

Mu 'yan Makka muna da namu bakin ruwan a kudu, Shu'aiba, inda sahabbai suka hau jirgi a hijirar farko zuwa Habasha. Ita ce tashar Makka kafin Sayyidina Usman ya mayar da ita Jidda a shekara ta 26 bayan Hijira. Ba cunkoso, amma ba inuwa, komai sai ka tafi da abinka.

Wuri ɗaya ne a Jidda ya yarda da sammakon Goggo, shi ne Bangala, babbar kasuwar kifi kusa da tashar jiragen ruwa. Bayan Asuba ake gwanjon kifin da aka fito da shi da dare. In ka kwana a garin, ka je. Najil shi ne sarki, da tsadarsa, jan kifi mai ɗigo-ɗigo. Harid da shu'ur sun fi sauƙin kuɗi, kuma ni shu'ur soyayye ya fi mini. Ka ɗaga murfin kunnen kifin ka ga ja ne jawur, idon kuma garau, ka danna jikin da yatsa ka ga ya dawo. Ka saya, ka kai wa masu gyara su kankare, ka miƙa wa masu suya ko gashi, ka haɗa da shinkafar sayadiyya mai launin ƙasa-ƙasa da aka dafa da soyayyiyar albasa. In ba kwana za ka yi ba, gidajen kifi suna nan da dare. Na san dai duk abin da na faɗa, yara Albaik za su ce, gidan soyayyar kaza. A Jidda aka fara shi a 1974, ka tura oda ta waya ka huta da layi.

Sai maganar dare, kuma gara in faɗa ƙarara, don samari kan ja ni gefe su tambaya. Babu mashaya, babu gidan rawa irin na Legas ko Dubai. Giya haramtacciya ce a doka, ƙwaya kuwa hukuncinta yana kaiwa ga kisa. Duk wanda ya raɗa maka cewa ya san wani wuri, ka ce masa Allah ya ba da sa'a, ka yi gaba. Amma kada ka ɗauka garin barci take yi. Ƙarfe ɗayan dare za ka tarar da cunkoson motoci, da jarirai a keken turawa. Ka fara da Kurnish ɗin Hamra ka ga Nafurar Sarki Fahad, wadda tun 1985 take harba ruwan teku sama fiye da mita 250, fitilu na haska ta, iska na karkata kanta kamar jelar farin doki. Titin Tahliya na masu gidajen gahawa ne da manyan kantuna da samari masu nuna mota. Silima ta dawo ƙasar a 2018 bayan shekaru fiye da 30 a rufe, tana cikin manyan mol-mol. In zuwanka ya dace da tseren Formula 1, wanda aka fara a Kurnish a Disamban 2021, ka san za a rufe hanyoyi, kuɗin otal kuma zai yi tashin gwauron zabo.

Ni dai darena a Balad yake, tsohon gari. Ka shiga ta Bab Jadid bayan Isha'i, ka bar mota a waje. Gidajen da dutsen murjani aka gina su, hawa huɗu, hawa biyar, da tagogin katako masu sassaƙa da suka ɓullo waje, rawashin, waɗanda ke shigo da iska su kuma tsare matan gida daga idon mai wucewa. An rushe ganuwar garin a 1947, UNESCO kuma ta sa unguwar cikin kayan tarihin duniya a 2014, tun daga nan ake ta gyara. Ka tsaya a Baitu Nasif, gidan da Sarki Abdul'aziz ya sauka da ya shigo Jidda a 1925. Bishiyar da ke ƙofar gidan, wadda baƙi ke ɗaukar hoto da ita, darbejiya ce. Goggo da ta gan ta sai da ta riƙe baki, ta ce, "Wannan ce abin kallo? Ai guda uku ne a ƙofar gidana." Daga nan ka leƙa Masallacin Shafi'i, ka bi lunguna yadda suka kai ka, ɓata a Balad ba ya nisa. In da azumi ne, garin gaba ɗaya juyewa yake yi, daga Tarawihi har sahur: masu balila, wato dafaffen waken Larabawa, suna rera kirarin kayansu, masu hanta suna buga wuƙaƙe a kan faranti, ga sobiya mai sanyi a leda. Ka kuma nemi siriya. Tsirenmu ne, da yajin ƙuli-ƙulinsa, kakanninmu suka kawo shi, Larabawa suka karɓa har da sunan.

Wanda rabonsa da Jidda ya yi shekara goma zai ce a kai shi Karantina ko Sabil ko Gulail, inda ya san 'yan'uwa da mai tuwo da ɗan kamasho. An rushe unguwannin nan daga ƙarshen 2021 zuwa 2022, mutanenmu sun watsu gabas da arewacin gari, wasu sun koma gida. Kada ka dogara da tsohon kwatance. Wanda za ka ziyarta ya turo maka alamar wurinsa ta WhatsApp.

To, kasuwa. Kowane kaya da gidansa, kuma sanin wannan shi ke rage yawo. Suƙ Alawi, da ya ratsa tsakiyar Balad, na turare ne da kayan ƙamshi da carbi da jallabiya. Bab Makka na dabino ne da zuma da habbatus sauda. Bab Sharif da Khaskiyya nan 'yan kasuwarmu ke sarin yadi da abaya da mayafai, da dozin ake magana, in guda ɗaya kake so farashin daban ne. Zinariya tana Titin Gabil da kewayensa. Kafet da labule da kayan ɗaki sai Sawarikh, can kudu, wannan kuma tafiya ce ta kanta, kada ka haɗa ta da Balad a dare ɗaya. Red Sea Mall da Mall of Arabia ba a ciniki a cikinsu, amma akwai sanyi da wurin zama, nan nake ajiye tsofaffi da yara in ƙafa ta gaji.

Zinariya ita ta fi cin mutanenmu, don haka bari in tsaya a kanta. Farashin giram na ranar ɗaya ne a ko'ina, kana iya duba shi a waya kafin ka shiga. Abin da ya bambanta kanti da kanti shi ne masna'iyya, wato ladan ƙira da ake ɗorawa kan kowane giram, kuma nan kaɗai ciniki yake. Kada ka tambayi kuɗin sarƙa a dunƙule. Ka ce giram nawa ce, ƙarat 21 ce ko 18, masna'iyya nawa. A auna a gabanka kana kallon sikeli. Mai duwatsu da yawa tana da kyau a wuya, amma ranar sayarwa za a cire nauyin dutsen, kai kuwa da kuɗin zinariya ka saye shi. Hajiyar da ke sayen zinariya don ajiya, sarƙa ko awarwaro marar ado ta fi mata. A ƙarshe ka karɓi fatura mai nauyi da ƙarat da hatimin kanti, ka adana ta tare da fasfo. Harajin saye kashi 15 cikin ɗari ne tun Yulin 2020, ka tambaya ko yana cikin kuɗin da aka faɗa. Lissafi kuma ka yi shi da dala, don riyal 3.75 ne dala ɗaya ba ya motsi, naira ce ke rawa.

Itacen turare, udu, ka sa a ƙona maka ɗan guntu a kan garwashi. Mai kyau zai tsatso mai yana ɓulɓula, hayaƙinsa ba ya yaji a ido. Na kwalba ka shafa a hannu, ka je ka yi wani cinikin ka dawo, wanda aka sirka kafin nan ya gudu. Ka riƙa duba inda aka yi kaya ma, don akwai abayar da daga Chana ta zo, irinta tana Kwari, sai ka biya kuɗin jirgi ka kai wa kanka abin da ke bayan gidanka.

Larabcin ciniki bai fi kalma uku ba: "kam" nawa, "gali" ya yi tsada, "akhir kalam" gaskiyar magana. Amma ka kiyayi bakinka. Masu kantunan nan, 'yan Yaman da Bangaladesh da Afganistan, shekara da shekaru suna ciniki da Hausawa. A zuwanta na biyu Goggo ta taya wani mayafi, yaron ya ƙi, ta juyo ta ce mini, "Rabu da shi, ɓarawo ne." Yaron ya ninke mayafin a hankali, ya ce, "Haba Hajiya, ni ba ɓarawo ba, kawo talatin." Sai da ta sayi shida don kunya.

Kaya kuma kafin ka saya ka san kilo nawa tikitinka ya ba ka, yawanci 23 ne kowace jaka. Ƙaramin sikelin rataye ba shi da tsada, ka saya, ya fi ka zo kana zazzage akwati a tsakiyar filin jirgi. Abin da ya yi yawa ka ba 'yan kago, ka karɓi rasit. Saƙon wanda ba ka sani ba kada ka karɓa ko da dabino ne aka ce, na wanda ka sani ma a buɗe a gabanka. Ka duba tikiti ka ga daga wace tasha za ka tashi, don filin jirgin Sarki Abdul'aziz yana da sabuwar tasha, da ta arewa, da ta alhazai, kuma tsakaninsu tafiyar mota ce. Shi ya sa ba na yarda a haɗa ranar kasuwa da ranar tashi.

Wajen ƙarfe ɗaya nake tattara mutanena, in ƙirga kawuna da ledoji. Hanyar Makka da dare miƙaƙƙiya ce, tana jawo gyangyaɗi, kyamarorin Sahir kuma ba sa barci, tarar gudu kafin ka isa gida ta riga ka shiga waya. Nakan tsaya in sayi shayin karak a kofin takarda, in sa wanda ke gaba ya yi ta yi mini hira. In Goggo ce a gaba ba hira, lissafin tsaraba take yi da ƙarfi, wannan na wance, wancan na matar wane, kafin Shumaisi ta tuna ta manta da kishiyar 'yarta, ta ce in juya.